Agogon da ya san hanyarmu

Wata biyu muka yi muna gardama, Garmin ko Coros. Batir muka fara dubawa, don wutar Dutsin-Ma sai ta ga dama take zuwa. Can muka tuna manhaja muke rubutawa, mun san inda bayanai ke kwana. A 2018 taswirar Strava ta tona sansanonin sojan Amurka, daga gudun da sojojin suke yi kawai. Mu kuwa kullum bayan asuba titin Kurfi muke bi, ga masu garkuwa da mutane.

Hajiyarmu ta ce, "Wato da kuɗinku za ku sanar da su lokacin fitowarku?"

Mun saya dai. Taswirar muka kulle, gudun kuma ya dawo cikin gari.