Ranar da na kawo albasa aji

Ba na shan giya, addinina ya hana, amma wani shafi da na karanta a littafin Faransanci ya tsaya mini a rai. Yana bayani ne kan inabin chardonnay da ake yin giya da shi. A Chablis ta ƙasar Faransa, inda sanyi ke da yawa, inabin yana nuna a hankali, ruwansa ya fito da ɗan tsami kamar na lemun tsami. In aka shuka irinsa a ƙasa mai zafi, sai zaƙi ya rinjaya. Gwanayen ɗanɗano sukan kurɓa su faɗi yankin da aka noma shi, kuma har makaranta ake shiga don koyon wannan.

Sai na tuna albasarmu ta Galmi, wadda ake lodinta har Abijan. Ita ma ɗari take so. Ana dasa ta da sanyi, a cire ta wajen Maris ko Afrilu, kuma manomin Madawa ko Keita ya san bambancin ta sanyi da ta damina ko da idonsa a rufe.

Wata Litinin na sa ɗalibaina a Tabotaki suka kawo albasa daga gida. Muka yanka, kowa ya ɗanɗana. Akwai wani yaro da ke zama a baya, wanda na riga na yanke wa hukunci a zuciyata cewa ba ya ja. Ya gutsura ɗaya, ya ce, "Malam, wannan ta sha takin zamani da yawa. Ruwa ne cikinta, ba za ta daɗe a rudu ba, ruɓewa za ta yi." Ya ɗauki wata mai tauri, ya ce ita ce ta ajiya, ya kawo dalili. Wata bakwai yana ajina, ban taɓa jin ya yi jimla uku a jere ba sai ranar.

Kunya ta kama ni. Yaron ya iya lura, ya iya kwatanta abu da abu, ya iya kafa hujja. Ni ne ban taɓa tambayarsa abin da ya sani ba.

'Yan'uwana malamai, kafin mu rubuta wa yaro sifiri, mu tambaye shi aikin gidansu. Ku kuma iyaye, ku daina ce masa garka ta wanda boko ya ƙi ce. Yaron nan yanzu a layin gaba yake zama, kuma da buhunan albasa na fara koya masa lissafin kashi cikin ɗari.