Kwana Biyu a Bakin Teku: Daga Koudoukou Zuwa Londji

Tun da muka dawo daga Kamaru, duk wanda muka gamu da shi a ƙofar Masallacin Koudoukou bayan la'asar sai ya tambaye mu, wai shin gaskiya ne mun ɗauki uwargida mun kai ta kallon teku kamar Turawa? Gaskiya ne. Ga yadda abin ya kasance.

Kowa ya san ƙasarmu ba ta da teku. Babban ruwan da muka sani shi ne Ubangi, wanda in ka tsaya a gaɓarsa kana hangen gidajen Zongo a ƙetare. Kusan duk kayan da ke kasuwar Kilomita Biyar ta teku suka zo Duwala, sannan manyan motoci suka biyo da su ta Garoua-Boulaï da Bouar da Boali, tafiyar fiye da kilomita 1,400. Mun shekara goma sha muna zana wa yara tekun Atlantika a allo, alhali ba mu taɓa sa shi a ido ba.

A hutun ƙarshen Disamba na 2023 muka tafi Duwala gaida surukarmu, wadda ke zaune a unguwar New Bell tun gudun 2014. Ba gaisuwa kaɗai ta kai mu ba. Yayyen uwargida sun daɗe suna cewa mu bar aikin koyarwa mu koma can, za su ba mu gurbi a shagonsu. Ita tana so, mu ba ma so, maganar ta yi wata shida tana ci mana rai. A gida kuwa, tsakanin yara huɗu da baƙi, babu inda za a zauna a yi ta. Tsohuwar ce da kanta ta ce mu bar mata jikoki, mu je wani wuri mu yi shawara, tun da harshe da haƙori ma sukan saɓa.

Ranar Asabar da asuba muka shiga motar Kribi ta hanyar Edéa, tafiyar wajen awa uku. Muka sauka a Londji, wani ƙauyen masunta kimanin kilomita 15 kafin a shiga Kribi. Muka kama ɗaki ɗaya a wani ƙaramin masauki, mai gidan sauro da taga mai duban ruwa. Ƙauyen bai da yawa: kwale-kwale a jere bisa yashi, itatuwan kwakwa, da hayaƙin matan da ke bandar kifi. Da uwargida ta ga ruwan sai ta yi tsaye cik, ta ce, "Malam, ina ɗaya gaɓar?" Muka ce ai ita ce Amurka ta Kudu. Ta yi dariya, irin wadda muka manta rabonmu da ji.

Abubuwa uku suka ba mu mamaki. Na farko, Ubangi sau ɗaya yake cika a shekara, shi kuwa teku sau biyu a yini yake tasowa ya janye, kusan awa shida-shida, saboda jan da wata ke yi masa. Na biyu, rana a cikin ruwan take faɗuwa, domin gaɓar tana duban yamma. Saboda haka mai salla teku zai ba baya in ya fuskanci alƙibla. Na uku, ruwan gishiri ne zalla, amma malamai sun tabbatar mai tsarki ne, da shi muka yi alwalar magariba. Da dare muka ci gasasshen kifi da bobolo, wato curin rogo a ganye, ɗan'uwan mangbere namu.

Bayan isha muka shimfiɗa tabarma a yashi. A nan ne, bayan kusan shekara goma, ta ba mu labarin fitarsu ta 2014, lokacin da muka tura ta da goyo cikin ayarin manyan motoci, mu muka zauna tsaron gida. Ta faɗi yadda suka kwana a bisa kaya, tana toshe bakin jaririya a duk shingen da aka tsaya. Ta ce, "Malam, ba kuɗin shago nake so ba. So nake in kwanta ban ajiye jakar gudu a bayan ƙofa ba." Mun ji kunya ƙwarai, domin duk watannin nan mun ɗauka kwaɗayin birni ne. Ashe ba mu taɓa tambaya ba.

Ranar Lahadi muka hau babur zuwa Kribi, muka ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906. Daga nan muka wuce kilomita bakwai kudu, inda kogin Lobé ke zubowa daga kan duwatsu, tsawon wajen mita 20, kai tsaye cikin teku. Mai kwale-kwalen da ya kai mu gindin ruwan ɗan ƙabilar Batanga ne, ya kuwa ba mu tarihinsu. A 1914 Jamusawa suka kashe sarkinsu Madola, yaƙi ya raba su da ƙasarsu, aka kwashe su zuwa wajen Dutsen Kamaru, inda da yawa suka mutu. A 1916 suka dawo, kuma kowace ranar 9 ga Mayu suna bikin tunawa da dawowar. Uwargida ta saurara, ba ta ce uffan ba.

Sai a mota, muna komawa, ta ce ta yarda mu zauna Bangui, amma da sharaɗi biyu. A yi wa kowane yaro takardar haihuwa da fasfo, a kuma riƙa ajiye wani abu duk wata a hannun yayanta na Duwala. Muka amsa, domin ita ce da gaskiya. Mu da muka ga ranar 30 ga Nuwamba 2015, da Fafaroma Francis ya shigo masallacinmu, mun san zaman lafiya yana yiwuwa, mun kuma san yana son tattali.

Shawararmu ga magidanta ita ce, ba sai an je Kamaru ba. Ruwan Boali bai kai kilomita 100 daga nan ba, bakin Ubangi kuwa kuɗin tasi ne kawai. A bar yara wurin kaka, a ɗauki iyali yini guda, a yi shiru a saurare su. Ba bidi'a ba ce, ba kuma koyi da Turawa ba ne, kyautata zaman aure ne.

Mun cika kwalba da ruwan teku mun kawo wa 'yan ajinmu, kowa ya ɗanɗana ya yamutsa fuska. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya dawo mana da 'yan'uwanmu da ke waje, amin.