Yadda Na Kasa Gane Garin Kakata a Jarida

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani ɗan abin kunya ne da ya same ni a gida, kuma ina zaton ba ni kaɗai ya taɓa samu ba a cikin ɗaliban wannan sashe namu.

Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, jaridun Ingilishi na ƙasar nan sun cika da labarin maƙwabtanmu. Kakata ta wajen uwa, wadda aka haifa a can, takan sa ni in karanta in fassara mata. Wata rana na ci karo da wani suna da aka rubuta Tessaoua. Na dube shi, na sake dubawa, sannan na karanta shi da lafazin Ingilishi, na ce "Tesa-owa". Ta ce ita ba ta san wannan gari ba. Da na ce an ce yana tsakanin Maraɗi da Damagaram, sai ta tafa hannu ta ce, "Kai maigidana, ashe karatun naka na banza ne! Ai Tasawa ce, inda aka binne cibiyata."

Tun daga ranar na shiga lura da hanyar da waɗannan sunaye suke biyowa kafin su iso gare mu. Bafaranshe ya ji suna a bakin Bahaushe, ya rubuta shi bisa ƙa'idar harshensa, inda "ou" take tsayawa a madadin "u" ko "w", "tch" kuma a madadin "c". Daga nan sunan ya shiga taswira da takardun gwamnati. Kamfanonin dillancin labarai irin su AFP da Reuters suka ɗauka yadda suka tarar, jaridunmu na Legas da Abuja su kuma suka kwafa. Watau sunan Hausa ne, ya sa rigar Faransanci, ya zauna a cikin jimlar Ingilishi, Bahaushe kuma ya zo yana yi masa kallon baƙo. Ta haka Tawa ta zama Tahoua, Madawa ta zama Madaoua. Mutane ma ba su tsira ba, domin tsohon shugaban ƙasar, Mahamadou Issoufou, in an tuɓe masa rigar, Muhammadu Yusufu ne.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Birni N'Konni, garin da ke daura da Illela. Duk ɗalibin nahawu ya san cewa "n" ɗin nan ta nasaba ce, kuma a jikin "birni" take, kamar yadda muke cewa Birnin Kudu ko Birnin Gwari. An yanke ta daga mazauninta, an maƙala ta a goshin kalma ta biyu, har an yi mata babban baƙi, sai ka ce wani ɓangare ne na sunan Ƙonni.

Amma fa ba ko'ina Bafaranshen ya ɓata ba, kuma wannan sai daga baya na gane. Da na ga Dogondoutchi na yi saurin gyara shi zuwa Dogon Dutse, ina ganin na yi gwaninta. Wani malaminmu na karin harshe ya tunatar da ni cewa mutanen yamma ba "dutse" suke cewa ba, furucinsu ya fi kusa da "duci". Ashe wanda ya rubuta "doutchi" abin da kunnensa ya ji ya rubuta, ni ne nake neman ɗora wa Arawa Kananci. Sa'an nan kuma Ingilishi ya yi mana irin wannan a gida, mun dai saba ne. Wa yake jin wani abu in ya ga Sokoto a madadin Sakkwato?

Sauran kalmomin Faransanci da ke yawo a jaridun, irin su "coup d'état" da "communiqué" da "gendarme", ba su dame ni ba, Ingilishi ya daɗe da haɗiye su. Sai dai "Nigerien", wadda harafi ɗaya tak ya raba ta da "Nigerian", har mai karatu kan rasa ko mu ake nufi ko su.

Na san ƙasa tana da ikon zaɓar yadda za a rubuta sunayenta. Kwaddibuwa ta nemi a daina fassara sunanta tun 1985, jaridu da yawa kuma sun bi. Ba na cewa editan Ingilishi ya sake taswirar Nijar. Kukana da mu ne masu rubutu da Hausa, da muke kwaso Tahoua da Tessaoua daga jaridar Ingilishi mu zuba a cikin labarin Hausa ba tare da mun tambayi kowa ba, alhali kuwa tun taron Yamai na 1980 aka zauna don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, kuma a 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa.

Yanzu dai in na ga sunan da ban gane ba, nakan karanta wa kakata shi sau biyu ko uku ta hanyoyi daban-daban, har ta ji wanda ya yi mata kama da wani gari da ta sani.