Daga Madarunfa zuwa Keneba

Da na bar bakin tafkinmu na Madarunfa zuwa Gambiya, ban zaci gyaɗa ce za ta tarbe ni ba. Ko'ina gonarta, kowace tukunya miyarta, sai ka ce ƙasar Maraɗi aka ɗauko aka ajiye a bakin teku. Ciwonmu ma ɗaya ne: sankarar hanta, wadda ke kumbura cikin magidanci yana cikin ƙarfinsa, mu ce sammu ne.

Mutanen Gambiya dai ba su tsaya kan zargi ba. Tun 1986 gwamnatinsu da cibiyar binciken lafiya ta MRC da ke Fajara da hukumar binciken sankara ta Lyon suka fara nazarin yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta nau'in B don kare su daga wannan sankara. Yara sama da 120,000 suka shiga nazarin, kuma a 1990 allurar ta game ƙasar. Aka ci gaba da bibiyar yaran nan har suka zama iyaye. Wannan haƙuri ya ƙayatar da ni ƙwarai.

Amma Keneba ce ta fi riƙe ni, ƙauye a Kiang ta Yamma inda bincike ya zauna tun wajen 1950. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji, da ya ga alamar na yi makarantar allo, ya kwatanta mini aikinsu da baƙi da wasali. Ƙwayoyin gado su ne baƙi, ba sa sauyawa. Wasalin da ake ɗora musu shi ke sauya karatu. Sun gano cewa wasalin jaririn da aka ɗauki cikinsa da damina ya bambanta da na rani, har ma dafin aflatoksin, na funfunar gyaɗa da masara, yana barin tambarinsa kan ɗa tun yana ciki. A hantar da ta kamu da sankara, ɓataccen wasali kan rufe bakin ƙwayoyin gadon da ke hana ƙari girma, sannan mitokondiriya, murhun da ke ba ƙwayar halitta ƙarfi, ya lalace. Idan dafin ya tarar da ciwon hanta nau'in B, haɗarin yakan ninka.

Na dawo gida ina yi wa rumbunanmu wani kallo. 'Yan'uwana manoma, mu shanya gyaɗa bisa tabarma ta bushe ƙarau, mu tsince mai funfuna kada ta shiga ƙuli-ƙuli. Iyaye mata kuma, don Allah a kai jarirai allura.