Gadon da ke ƙarƙashin gado

Ranar da aka raba gadon mahaifinmu a Dogarawa, bayan sadakar arba'in, kowa ya samu abin da shari'a ta ba shi na gona da dabbobi da fadamar albasa. Da aka shafa fatiha, sai ƙanen mahaifinmu ya shiga ɗaki ya fito da wani dogon abu naɗe cikin tsohon bargon soja, ya ajiye a gabana da yardar kowa. Ya ce: "Mushe, kai ne ka yi karatun Nasara, kai ka iya karanta abin da ke rubuce a jikinta. Riƙe." Bindigar kakanmu ce. Tun ina yaro na san ta, amma sai ran nan na ji nauyinta, domin ɗaukar abu daban, ɗaukar alhakinsa daban.

Abin da ke rubuce a jikin ƙarfen, da irin rubutun nan mai lanƙwasa da muke koya wa yara a lakwal, shi ne: Manufacture d'Armes St Étienne, Mle 1874. A gefen bututun kuma an buga shekarar da aka ƙera ta, 1878. Ita ce bindigar da Faransawa ke kira Gras, da sunan hafsan da ya tsara ta, Basile Gras. Faɗin bakinta na asali milimita 11 ne, harsashi ɗaya take ci, kuma ana buɗe ta ana rufewa da wani ƙarfe mai kama da sakatar ƙofa. Da baƙin albarushi take aiki, mai hayaƙi da warin ƙibiritu. Zamaninta a hannun sojan Faransa bai yi tsawo ba, domin a shekara ta 1886 aka fito da Lebel, wadda ke aiki da albarushi marar hayaƙi, kuma take ɗaukar harsasai takwas. Daga nan Gras ta zama kwantai. Aka sayar wa wasu ƙasashe, har Habasha, aka rarraba wa gardawan ƙasashen da Faransa ta mallaka, wasu kuma masu yawa aka goge zanen da ke cikin bututunsu aka mayar da su bindigogin farauta masu watsa ƙananan dalma. Tamu tana cikin waɗannan na ƙarshe: an haife ta soja, ta tsufa maharbiya.

Kaka ma haka rayuwarsa ta kasance. An ɗauke shi soja a zamanin da ake ɗora wa kowane kanto yawan samarin da zai bayar, ya yi yaƙin Indoshin, ya komo gida bayan 1954. A can MAS 36 ya riƙe, mai harsasai biyar, ita ma ƙirar Saint-Étienne. Ya kan ce mana wannan bindiga ba a yi mata makullin kunama ba, saboda haka makullinta shi ne hankalin mai riƙe da ita. Da ya gama aiki ya mayar wa masu ita. Wannan tsohuwa kuwa da kuɗin sallamarsa ya saye ta, bayan ya samu takardar izini daga kumandan. Izinin nan ba kowa ake bai wa ba. Tun yarjejeniyar birnin Burusel ta 1890 Turawa suka haɗa baki a kan hana baƙar fata mallakar bindigar zamani, aka bar mana harba-ka-ruga. Don haka tsohon sojan da ya rataya irin wannan bindiga a kasuwar Galmi, mutane sun san da wani matsayi yake tafe.

Abin da ya fi zauna mini a rai game da Kaka da bindigarsa shi ne wanki. Kowace Juma'a bayan la'asar ya kan shimfiɗa buzu a zaure, ya zare sakatar, ya goge ta da tsumma da kananzir, ya ɗaura wani ƙyalle a igiya mai ɗan dalma a baki, ya zura ta cikin bututun ya ja, sau uku ko huɗu. Sa'an nan ya ɗiga man keken ɗinki, ɗigo biyu ba ƙari, domin a cewarsa mai da yawa ƙura yake kira, ƙurar hunturun Adar kuwa ba a gayyatar ta. Idan ya yi harbi, a daren nan sai ya sa an dafa ruwa ya wanke cikin bututun, ya busar, kafin ya ci tuwo, saboda dattin baƙin albarushi yana jan laima, kwana biyu sai tsatsa. Ni ne mai riƙe masa fitila. Idan ya gama sai ya ɗaga ƙarfen wajen haske ya ce: "Zo nan, abokin faɗa, leƙa. Ka ga fuskar amaryarka?" Ni kuma in ce: "Kaka, taka na gani, duk ta tsufa."

Dokokinsa uku ne, kuma bai taɓa sassauta ko ɗaya ba. Ba a nuna mutum da bakin bindiga ko da wasa, ko da an tabbata babu kome a cikinta. Ba a miƙa wa wani ita sai an buɗe sakata. Bindiga da harsashi ba su kwana ɗaki ɗaya. Sau ɗaya tak ya bar ni na harba, ina ɗan shekara goma sha biyu, a bayan gari wajen tsaunukan da ke kallon kwarin Magiya. Ya kafa fasasshiyar ƙwarya, ya gyara mini tsayuwa, ya ce in manna gindin bindigar a kafaɗa sosai. Na ja kunama, hayaƙi ya rufe ni, kunnena ya yi ta kuka har magariba, ƙwaryar kuwa tana nan lafiya lau. A lokacin farauta ta riga ta mutu. Farin 1973 da na 1984 da yawan saran daji sun kori gada da barewa, zabin daji ma sai an yi sa'a. Aikin da ya rage wa bindigar Kaka shi ne sanar da ganin watan salla.

Mutum ɗaya a gidanmu bai taɓa yarda da wannan ƙarfe ba, ita ce mahaifiyar Kaka. Ban riske ta ba, amma an ba mu labari cewa ranar da ɗanta ya shigo da bindigar ta ce ko ita ko bindigar, ɗaya zai kwana a cikin gida. Shi ya sa har ta rasu a zaure ake ajiye ta. Dalili kuwa, tana yarinya ƙarama aka gudu da ita a goye a shekara ta 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan. A watan Afrilu sun yi karo da Sarauniya a Lugu, a watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, suka ƙone garin, suka yi kisan da har yau tsofaffi ba su son dogon zance a kansa. Daga ƙofar gidanmu zuwa Ƙonni ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba. Makaman sojan Faransa na wancan zamani daga masana'antu uku suke fitowa: Saint-Étienne, Châtellerault da Tulle. Ke nan bindigar da nake goge wa jiki ƴar gida ɗaya ce da waɗanda suka yi aman wuta a Ƙonni. Kuma hannuwan da suka ja kunamar yawancinsu baƙaƙe ne kamar na Kaka. Duk shekarar da na karanta littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani da ɗalibaina, wannan tunani ya kan biyo ni har gida.

A matsayina na malamin harshe, akwai wani sauyi da nake so ƴan uwana malamai su lura da shi. Kalmomin bindiga da albarushi da harsashi duk daga Larabci muka aro su, alamar cewa mun san makamin wuta tun kafin zuwan Faransawa. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, har igwa ake ƙera masa a cikin birninsa. A dā idan aka ce "ƴan bindiga", ana nufin bayin sarki masu jajayen kaya da ke tashin albarushi a gaban doki ranar hawan salla, yara na bin su da murna. Na sa ɗalibaina na aji uku su rubuta mini ma'anar wannan kalma, su arba'in da wani abu, babu ko ɗaya da ya ambaci salla. Masu satar shanu, masu sace mutane, masu ƙone rumbu: abin da suka rubuta ke nan. Ba su yi kuskure ba. Tun bayan rushewar mulkin Libiya a 2011 makamai suka malalo cikin Sahel, ta kudu kuma rikicin Zamfara da Sakkwato ya tsallako iyaka. Kalmar ta bi zamaninta.

Wannan sauyi ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa wani dare cikin damina. An kore shanun wani ƙauye da ke kudu da mu, an tafi da mutum biyu. Ɗan yayana ya zo da abokansa uku, duka na koyar da su a koleji. Bayan gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, bindigar Kaka muka zo aro. Za mu riƙa kwana a bakin gari." Na ce: "Ɗana, ka san harsashi nawa take ci?" Ya ce ɗaya. Na ce: "Ta waɗancan fa?" Ya yi shiru, domin kowane yaro a ƙasar nan ya san kalashi talatin take ɗauka. Ɗaya daga cikin abokan ya ce: "Mushe, ko ƙararta kaɗai ai ta isa su san garin da maza." Na ce masa ƙarar ce za ta gaya musu inda kake tsaye, hayaƙin kuma ya nuna musu kai.

Na yi musu bayanin abin da Kaka ya koya mini. Ƙarfen da aka ƙera don baƙin albarushi, aka kuma rage masa kauri, ya shekara fiye da 140, ba a ɗura masa harsashin zamani, domin ƙarfin ba ɗaya ba ne. Akwai wani maharbi a yankinmu da ya gwada haka da tasa, yau da yatsu biyu yake cin tuwo. Ban da wannan, takardar izinin Kaka ta bi shi kabari, izini ba a gadonsa, kuma yaron da jami'an tsaro suka tarar da bindiga cikin dare ba za su tsaya tambayar sunan kakansa ba. Suka tashi ransu a ɓace. A bakin ƙofa ɗan yayana ya juyo ya ce: "To Baba, in sun zo, da alli za ka tare su?" Maganar ta soke ni, kuma har yau tana nan. Tsoronsu gaskiya ne, kuma wanda bai kwana yana sauraren ƙarar babur daga nesa ba, bai kamata ya yi musu wa'azi ba.

Daren nan ban runtsa ba. Na tuna ranar 25 ga Satumba 2000, ina ɗalibi a Yamai, muka taru gaban talabijin muna kallon yadda aka cinna wa makamai fiye da dubu wuta a Agadas, bikin da aka kira Flamme de la paix, bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995. A lokacin na yi tafi tare da kowa, domin bindigogin wasu ne ake ƙonewa. Sai da abin ya zo kan bargon Kaka na gane cewa rabuwa da makami ba ta da sauƙi, ko ga mai riƙe alli.

Da gari ya waye na yi abu biyu. Na zauna da dattawan unguwa da samarin, muka rubuta wa hukuma takarda da Faransanci muna neman a riƙa sintiri, muka kuma tsara yadda ƙauyuka za su riƙa sanar da juna ta salula da zarar an ga baƙuwar fuska. Sa'an nan na zare sakatar bindigar, na haɗa da tsofaffin harsasai bakwai da suka yi kore cikin gwangwani, na kai wa jandarmomi, na bayyana musu abin da ke hannuna. Maƙerin garinmu, wanda ubansa ne ke yi wa Kaka gyara, ya toshe bututun da narkakken ƙarfe. Yana aikin yana girgiza kai, ya ce bai taɓa zaton da hannunsa zai rufe bakin wannan tsohuwa ba. Wata guda ɗan yayana bai taka gidana ba. Daga baya ya zo gaisuwar salla, muka yi zancen albasa.

Kirana ga ƙungiyoyin al'adu na Ƙonni da Malbaza da Illela shi ne wannan. A garuruwanmu akwai irin waɗannan tsofaffin ƙarafa a ƙarƙashin gadaje da cikin rumbuna, tare da lambobin yabo da littattafan soja da gara ke ci. Kowannensu takardar tarihi ne: yana ɗauke da sunan masana'anta, da shekara, da labarin wanda ya riƙe shi. Mu bi gida gida mu rubuta waɗannan labarai da Hausa tun masu ba da su suna raye, mu nemi hukuma ta kashe ƙarafan yadda ba za su sake tashi ba, a ajiye su a gidajen al'adu na gundumominmu, kamar yadda gidan tarihi na Bubu Hama ke yi a Yamai. Yaron da ya karanta "1878" da idonsa a jikin ƙarfe, ya ji labarin kakar da aka goya aka gudu da ita, ba zai manta da darasin 1899 ba.

Har yanzu ina fito da ita ranar Juma'a bayan la'asar. Tsatsa ba ta san an toshe bututu ba, saboda haka tsumma da ɗigon mai biyu suna nan yadda Kaka ya bari. Ƙaramar ɗiyata ce ke riƙe mini fitila. Ran nan ta tambaye ni: "Baba, me ya sa kake wanke abin da ba ya aiki?" Na nuna mata rubutun, na ce ta karanta. Ta bi shi da yatsa, harafi bayan harafi, har ta kai ga shekarar. Sai na ce ta zauna, na fara mata daga Ƙonni.