Gejin Turbo: Wa Ke Ƙarya, Allura Ko Inji?

Mai motar da ya ɗaura gejin turbo na kasuwa yakan shiga ruɗani ran da ya haɗa kwamfutar duba mota: geji na nuna psi 10, kwamfuta na nuna kusan 25. Sau da yawa duka biyun gaskiya suke faɗa. Na'urar da ke cikin injin tana auna matsin iska tun daga sifili, har da nauyin iskar duniya, wanda yake psi 14.7 a bakin teku. Shi kuwa geji abin da ya ƙaru a kan wannan kawai yake nunawa. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, iskar ta fi sauƙi, don haka tazarar takan ragu zuwa kusan 13.

Gogaggen bakanike yakan fara da injin a kashe. Allura dole ta zauna a sifili. Idan ta kauce, gejin ne ke da laifi. Sai ya tada injin ya bar shi ba tare da taka totur ba. A motar fetur mai lafiya allura takan sauka ƙasa da sifili, tsakanin inci 17 zuwa 22 na zuƙa. Idan ta ƙi sauka, galibi an jona tiyon ne kafin bakin totur, inda babu zuƙa, ko kuma tiyon yana yoyo. Motar dizal kamar Hilux kusan sifili take nunawa a tsaye, kuma wannan ba cuta ba ce.

Allurar da ke rawa tana jin bugun iska daga bawul-bawul ne, kuma ƙaramin matsi a cikin tiyon yakan kwantar da ita. Karatun da ya yi ƙasa yana nufin iska na tsere wa a wani wuri. Idan aka hura iska cikin bututun aka shafa ruwan sabulu a mahaɗai, kumfa za ta tona asirin.

Abin tsoro shi ne karatun da ya haura abin da kamfani ya tsara. Idan tiyon bawul ɗin da ke rage wa turbo ƙarfi ya tsage ko ya fita, matsin zai ci gaba da hawa, man ya fara fashewa ba a kan lokaci ba, fistin ya ƙone. Direban da ya ga haka ya ɗaga ƙafa nan take. Zargin geji kafin a duba tiyon da bai kai kuɗin lita ɗaya na mai ba shi ne hanya mafi kusa zuwa sayen sabon inji.