Numfashin Yaro Ƙirga Shi Ake Yi

A Amurka akwai ma'aikacin asibiti da ba shi da wani aiki sai kula da numfashin majiyyaci. Mu nan nas ce ke ɗauke da wannan kaya: ita ce mai allura, ita ce mai sa oksijin, ita ce mai rarrashin uwa. A haka na yi furfura a ɗakin yara, kuma yawancin waɗanda suka ratsa hannuna 'ya'yan manoman rani ne na Kura da Bunkure da Garun Malam.

Ruwan Tiga ya kawo mana shinkafa da tumatir da rufin asiri, Allah ya jiƙan Audu Bako. Amma arzikin da hayaƙinsa ya zo. Mace na turara shinkafa da goyo a baya, ana ƙona ƙaiƙayi a bayan gari, ga hazon hunturu, ga ɗakin mai jego a toshe da kaskon garwashi. Ina huhun ɗan kwana goma zai kai wannan duka?

Babban abin da aikin ya koya mini shi ne nimoniya ba ta ɓuya. Uwa, ki ɗage wa yaro riga sa'ad da ya natsu, ki duba agogon waya, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Wanda bai kai wata 2 ba, idan ya yi 60, akwai matsala. Daga wata 2 zuwa shekara guda, 50. Daga nan zuwa shekara 5, 40. In kuwa ƙasan ƙirjinsa na lotsawa duk lokacin da ya ja iska, ko yana nishi, ko ya ƙi nono, ko ƙirgar ma ba sai an yi ba.

Sai dai ba rashin ido ke cin yaranmu ba, jira ne. "Malam ya tafi gona, sai ya dawo." Kaka ta ce haƙori ne, maƙwabciya ta ce a kira wanzami ya cire belu. Ba na raina kaka, ta raini goma kafin in san hanyar makaranta, amma a nan ta kuskure. Ciwon da ƙwayar amoxicillin za ta kwantar ranar farko, bayan kwana uku sai da oksijin, injin oksijin kuma sai da wuta. In babu, sai a hau titin Zariya a nufi Asibitin Hasiya Bayero ko Asibitin Malam Aminu Kano da yaro leɓe ya yi shuɗi. Wasu sun isa, wasu a hanya aka juyo.

Rigakafin nimoniya ya shigo Najeriya tun 2014, kuma kyauta ne. Ku kai yaranku. Kai kuma maigida, kafin ka saɓi fartanya da asuba, ka bar izinin zuwa asibiti da kuɗin mota a hannun matarka.